Tsinken Tsintsiya a Zabirar Baba

Ranar sadakar ukun Baba, ana tsakiyar rabon waina, wata mata ta yi sallama a tsakar gidanmu na Kusfa, kuma babu wanda ya san ta. A gidan mutuwa a cikin birnin Zariya wannan ba ƙaramin abu ba ne. Duk wadda ta shigo, kafin ta gama tuɓe takalmi an riga an san 'yar wane ce, matar wane ce, da abin da ya haɗa kakanta da namu. Wannan kuwa ta zo da farin tabarau da hijabi ruwan toka, ta durƙusa gaban Inna ta yi mata gaisuwa, sannan ta nemi gefen tabarma ta zauna tana share hawaye. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta zungure ni ta tambaya ko daga dangin mijina take. Na ce a'a. Wata maƙwabciya ta ce ta yi kama da masu yawon rigakafi, wata kuma ta ce a dai sa ido a kan takalma. Ni kaɗai na gane ta, na kuma ja mayafi na rufe rabin fuskata, domin wata uku ke nan ina gudun haɗuwa da ita. Likitar haƙorin 'yata ce.

Kafin in faɗi abin da ya kawo ta, sai na faɗi wanda muka rasa, don kada a manta da shi, don kuma akwai abin da ban faɗa masa ba yana da rai.

Baba wanzami ne, ɗan wanzami. Yayana ya ce a zaure, kwana ukun nan, kusan duk namijin da ya zo gaisuwa sai ya ce Baba ne ya yi masa askin suna, ko kaciya, ko ƙaho. Wani tsoho ya cire hularsa ya shafa kansa, ya ce shekara arba'in babu askar da ta taɓa shi sai ta marigayi, yanzu bai san wa zai miƙa wa wuyansa ba. Abu biyu kowa yake maimaitawa. Na farko, hannunsa yana da sauƙi. Na biyu kuwa sai an rage murya ake faɗinsa: Allah ya jiƙansa, amma bai yarda da kowa ba.

Gaskiya suka faɗa. Baba ba ya shan magani sai ya sansana, ba ya karɓar goro sai ya ɓare ya duba cikinsa. In ka yabe shi sai ya dube ka ta gefen ido ya tambaye ka abin da kake so. Lokacin da mijina ya zo neman aurena, Baba ya yi masa aski kyauta har sau uku, daga baya ya ce wa Inna yana so ne ya ga ko mutumin yana iya zama wuri ɗaya da aska a wuyansa. Yana da wata magana da muka haddace tun muna yara: duk abin da aka yi saurin rufewa, a buɗe a duba. Da ita yake auna tukunyar miya, da ita yake auna sulhun 'yan unguwa. Asibiti kuwa, a iya saninmu, bai taɓa taka ƙofarsa ba, ko dubiya sai dai ya jira a sallamo mutum.

Ko alherinsa ɓoye shi yake yi kamar laifi. Akwai shekarun da kowace Juma'a da hantsi yakan saɓa zabirarsa, wato jakar fatar da yake zuba asake da ƙahonni, ya fita bai ce ga inda za shi ba. Inna ta yi zarge-zargenta har ta gaji. Sai da wani mai kayan miya ya yi suɓutar baki muka ji cewa wani mai taɓin hankali ne da ke kwana wajen Ƙofar Galadima Baba yake zuwa yi wa aski, ya yanke masa farce, ya bar masa fura. Da Inna ta yi masa maganar, fushi ya yi, ya ce mai kayan miyan nan bakinsa ba shi da ƙofa, ya daina sayen tattasai a wurinsa.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. 'Yata ta fari kuwa, wadda ba zan ambaci sunanta ba, Amarya yake ce mata, irin wasan kaka da jika. In ta shigo zaure sai ya ce ga amarya ta zo ba ta kawo tuwo ba, ita kuma ta ce ba ta son miji mai furfura. Ita kaɗai ce ke iya sa hannu cikin zabirarsa bai tsawata ba.

Tana da shekara takwas, ta gama famfara ke nan, manyan haƙoran gaba sun fito fes, ta faɗi a kan dakalin ƙofar gida ta ɓalle gefen ɗaya. Kuka ta yi na yini guda aka manta. Bayan wasu makonni sai dasashin saman haƙorin ya kumbura, wani ɗan ƙurji ya fito yana fitar da ruwa. Baba ya ɗaga leɓenta da babban yatsa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce haƙorin ya mutu, mataccen haƙori kuma maƙwabtansa yake ci, a cire shi. Ya cire wa mutane haƙora ba adadi da ɗan awartakinsa, amma ranar na lura bai kai hannu ga zabira ba. Na ce wannan ba haƙorin nono ba ne, in ya tafi ya tafi ke nan, yarinya mace ta girma da giɓi a gaban baki. Washegari na kai ta wani asibitin haƙori a wajen ganuwa.

Likitar ta ɗauki hoton haƙorin ta nuna mini a ɗan ƙaramin fim. Ta ce haƙori yakan fito tun saiwarsa ba ta gama girma ba. A cikinsa akwai wani ɗan nama mai laushi, mai jini da jijiya, shi ne ke ci gaba da gina saiwar har ta yi tsawo ta yi kauri, bakinta ya rufe. Na 'yata faɗuwar ta kashe shi tun aikin bai ƙare ba. In aka wanke aka yi ciko irin na manya, haƙorin zai zauna da gajeriyar saiwa mara kauri, wata rana ya tsage. Amma akwai wata hanya. Za ta wanke cikinsa ta zuba magani na 'yan makonni, in ciwon ya mutu sai ta tsokano sabon jini daga ƙarƙashin saiwar ya hau ya cika ramin, ta bar shi ya daskare, ta rufe a kansa. Daga wannan jinin ake fatan sabon nama ya tsiro, saiwar ta ci gaba daga inda ta tsaya. Ba ta yi mini alkawari ba, ta ce wani ana dacewa, wani ba a dacewa. Sharaɗinta biyu: kada a sa wa haƙorin komai a gida, kuma a riƙa dawo da yarinyar ana ɗaukar hoto. Ta ba ni takarda na sa hannu.

Da yamma na je na zayyana wa Baba a zaure. Ya saurara har na kai wurin jinin, sai ya ajiye askar da ke hannunsa.

"Shekara hamsin ina kafa ƙaho ina fitar da jinin da ya kwanta a jikin mutane," in ji shi. "Yau kuma a tara shi da gangan a rufe, a bakin amaryata?"

Na ce ilimi ne ya ci gaba. Ya ce ya ji, amma yana so ya san ko likitar ta taɓa yi wa ɗan cikinta, ko kuwa da 'ya'yan mutane ake koyon hannu. Ya tambayi shekarunta, ya tambayi 'yar wane gida ce, ya tambayi dalilin da ya sa ake saurin rufewa. Ni malamar makaranta ce, ban saba a yi mini tambaya in rasa amsa ba, sai abin ya zame mini gardama. Muka yi shawara da mijina aka yi aikin a zuwa biyu. Kumburin ya sace, ƙurjin ya bushe. Baba bai ce an kyauta ba, bai ce ba a kyauta ba. Duk zuwanmu dai sai ya ɗaga leɓen yarinyar ya duba ya saki.

Bayan wata biyu aka tura ni Kaduna duba takardun jarrabawa na mako guda, na bar ta a Kusfa wurin Inna. Ranar da na dawo ta rugo tana dariya, ni kuwa idona ya sauka a bakinta. Haƙorin ya dusashe, daga wajen dasashi ya yi ruwan toka. Na rungume ta sai na ji ƙanshin kanumfari a hijabinta. Kanumfari shi ne abin da Baba ke danna wa mai ciwon haƙori. Ban tsaya na tuna cewa shi ma kullum yana tauna shi ba, har rigunansa da buzunsa ƙanshinsa suke yi. Na tambayi Inna, ta ce ranar Talata da safe ya fita da ita, da zabirarsa, ba su dawo ba sai azahar, bai kuma ce ga inda suka je ba. Na ja yarinyar ɗaki na tambaye ta abin da ya yi mata. Ta sunkuyar da kai ta ce Kaka ya ce sirrinsu ne. Na yi lallashi, na yi barazana, ba ta ƙara ko kalma ba. Jininsa ce.

A raina na gama shari'a. Ya kai ta wurin wani abokin sana'arsa ne, ko shi da kansa ya buɗe abin da aka rufe ya duba, kamar yadda ya saba faɗa, ya zuba nasa maganin. Na same shi a zaure yana wasa aska a jikin fata. Ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba.

"Baba, me ka sa mata a haƙori?"

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa yi masa magana a tsaye ba sai ranar.

"Uwata, haka kika gani?"

"Haka na gani."

Ya ce to, ya mayar da kansa ga askarsa. Da ya yi faɗa, da ya rantse, da wataƙila na yi shakka. Shirun nan nasa shi na ɗauka a matsayin amsa laifi. Na kama hannun 'yata muka koma gidanmu a Tudun Jukun, kuma daga ranar ban sake kawo ta Kusfa ba. Nakan zo ni kaɗai in gaishe shi daga bakin zaure, ya amsa, ya tambayi mutanen gida. Bai taɓa cewa ina Amarya ba, ni ma ban taɓa cewa tana gaishe shi ba, alhali kullum sai ta ba ni saƙon. Gwaggo ta ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, in yi haƙuri. Na ce ai haƙorin ne ake magana.

Wautata ta biyu ta fi ta farko. Ranar komawa asibiti ta zo na ƙi zuwa. Kunya nake ji likitar ta buɗe bakin yarinyar ta gane an yi mata na gargajiya, ta dube ni, ni mai ilimi 'yar wanzami, ta tuna mini sharaɗinta. Suka kira wayata sau da yawa ban ɗauka ba. Ana nan Inna ta ce mini Babanki ya ce ki mayar da yarinyar nan wurin likita. Na yi murmushin takaici na ce a raina, ashe ya san abin da ya yi, yanzu tsoro ya kama shi. Saƙon da ya kamata ya tashe ni, shi ya ƙara zaunar da ni.

Ran wata Laraba da hantsi ya dawo daga askin suna, ya wanke asakensa ya shanya, ya zauna a kan buzu ya ce wa Inna ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin yayana ya samo mota an riga an rufe masa ido. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da aka kira ni, abin da ya fara zuwa raina shi ne wata uku ke nan bai ga yarinyar ba.

Ranar sadakar ukun, da mutane suka ragu, likitar ta taso ta dafa kafaɗata ta ce tana son magana da ni. Muka shiga ɗakin Inna, Gwaggo tana bin mu da ido. Na shirya jin faɗa. Sai ta ce ta zo ne don Baba ya ce mata zai zo ranar Alhamis bai zo ba, wata mai shara a asibitinsu 'yar unguwarmu ce ta ba ta labarin rasuwar. Na ce wane Baba, ai mahaifina bai san hanyar asibiti ba. Ta dube ni da mamaki, sannan ta zauna a bakin gado ta ba ni labari.

Ranar Talatar nan wurinta ya kai yarinyar. Ya ga haƙorin ya fara dusashewa, ya tabbata jinin da aka rufe ne ya mutu, ya riƙo hannunta suka zo. Ya ƙi zama a kujera. Ya sa aka miƙo masa kwalbar maganin ya sansana. Ta gaya masa dusashewar daga maganin da ta sa ne da abin da ta rufe ramin da shi, yakan faru, ana iya gyara launin daga baya, kuma yana rubuce a takardar da na sa wa hannu. Ni da nake dukan tebur ina ce wa ɗalibai su karanta tambaya kafin su amsa, ban karanta ba. Ta ɗauki sabon hoto ta nuna masa cikon yana nan yadda ta bar shi, ciwon da ke ƙarƙashin saiwar kuma yana warkewa. Ya tambaye ta jinin nan mai rai ne ko matacce. Ta ce wanda yake ja da ƙaho daban, wannan sabo ne ta tsokano, kamar iri ne aka binne. Ya ce iri sai ya tsiro ake yarda da shi. Sai ya je lungu inda aka jingine tsintsiya ya zaro tsinke ɗaya, ya ɗaga fim ɗin a hasken taga, ya auna tsawon saiwar, ya karya tsinken daidai nan ya sa a zabira.

Kafin su fita ya roƙe ta kada maganar ta fita, kada a ji a gari cewa wanzamin Kusfa ya zo ɗaukar karatu wurin 'yar cikinsa. Wanzami dai ba ya son jarfa. Bayan haka ya dawo sau uku shi kaɗai, duk ranar Alhamis, ya tsaya a bakin ƙofa ya tambaya ko mun zo a ɗauki hoton. Ta ce masa in sun kira ni ba na ɗauka, ko ya kawo yarinyar da kansa. Ya ce ba a ba shi ita yanzu. Ta ce to za ta aiko a gaya mini komai.

"Ki bar ta, Likita," in ji shi. "Uwata ce. Da ƙafarta za ta zo."

Kukan da na yi a ɗakin nan ya fi na ranar rasuwar, har Gwaggo ta leƙo tana harar baƙuwar, a zatonta wani mugun labari ta kawo. An ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya, to ni nawa bai ma zama gaskiyar ba. Na zargi mahaifina da cutar da jikarsa, na raba shi da ita wata ukun ƙarshe na rayuwarsa, shi kuwa yana can yana sintiri a ƙofar asibitin da ya ƙi jini saboda haƙorinta. Ina jin haushinsa ma, ba zan ɓoye ba. Kalma ɗaya ta isa. Amma Baba ba zai tsaya gaban 'yarsa yana wanke kansa ba, kuma na san haka tun kafin in buɗe baki.

Zabirar yayana ne ya gada. Na roƙe shi ya bar ni in duba, na sami tsinken a naɗe cikin 'yar takarda, a aljihun da Baba ke ajiye askar da ya fi so. Bayan sadakar bakwai na kai yarinyar asibiti. Hoton ranar bai nuna saiwar ta ƙaru ba, daidai take da tsinken. Likitar ta ce ciwon ya warke sarai, sauran sai haƙuri, irin wannan yakan ɗauki watanni. Na ce to, amma a raina na ce lallashina take yi don ta ga ina cikin makoki. Hali zanen dutse, kuma ba daga ƙasa na tsince shi ba.

Muka yi ta zuwa. A zuwanmu na makon jiya, shekara guda da 'yan kwanaki bayan rasuwar, likitar ta miƙo mini fim ɗin. Na je bakin tagar nan na ɗaga shi, na ɗora tsinken. Saiwar ta wuce shi da kamar ƙwayar gero, bakinta kuma ya fara tsukewa. Na juya tsinken na sake aunawa, na goge tabarau na auna na uku. Likitar ta ce awon tsinke ba awo ba ne a wurinsu, amma nata awon ma haka ya nuna.

'Yata tana zaune a kujerar tana kallona. Sai ta ce tunda haƙorin ya wuce tsinken, yanzu za ta iya faɗin sauran sirrin. Na ce wane saura kuma.

"Kaka ya ce ranar da haƙorin ya wuce tsinken, shi da kansa zai kira ki zaure ya ce kin fi shi gaskiya. Ya ce kada in riga shi."

Haƙorin yana nan a bakinta, da ɗan duhunsa, tana gatsar rake da shi ina hana ta. Tsinken na mayar cikin takardarsa, yana wurina, yayana bai tambaya ba. Duk wanda askar Baba ta taɓa kansa, ko ƙahonsa ya taɓa bayansa, ina roƙonsa ya sa shi a addu'a. Allah ya yafe masa, ya haskaka makwancinsa, ya sa sauƙin hannunsa ya bi shi. Ni kuma a roƙa mini Allah ya sa ya yafe mini kafin ya tafi, domin ban je da ƙafata ba sai da aka share zauren aka naɗe buzunsa.